Taken da Ba Kowa a Ciki

Samarin da ke zuwa ɗakin aikina a unguwar Zango, kowa da salularsa a hannu, tambayarsu ɗaya ce: wace manhaja nake aiki da ita. In na faɗa sai su ce ai suna da ita, har wadda ta fi tawa sabunta. Gaskiya suke faɗi. Akwai wanda ya haɗa kiɗa a gabana yana tsaye, kafin shayina ya huce, kuma kiɗan bai yi muni ba. A ganinsu aikin ke nan: ka zaɓi ganga a cikin na'ura, ka ɗora fiyano a kai, ka tura wa mai fim. Ba na musu da su. Amma tun da sun ce in rubuta musu yadda na yi sana'ar nan, zan ba su labarin aiki guda da na gama a kakar bara, don abin da na sani kusan duk yana cikinsa.

Fim ne na Madam Zainabu, ƴar nan Damagaram da ta yi karatun sinima a Yamai ta dawo gida. Labarin wani dattijon manomi ne da ya shuka gonarsa, ya yi noman fari, ya yi maimai, ya rasu kafin gero ya nuna. A ƙarshen fim an dawo daga jana'iza, kamara ta tsaya a kan gonar, hauyarsa jingine da gawo. Ba wanda ke magana a wurin, ganga ce kawai. Wanda ya kaɗa gangar shi ne Tanko, makaɗin noma daga Droum, abokin aikina tun ban yi furfura ba. Wannan kiɗa shi ne na ƙarshe da ya yi a gaban mikoro. Ya rasu kafin a gama montaj, wato yanka fim da haɗa shi, Allah Ya jiƙansa, ya bar ni da kiɗan da ban san ko na wane ne ba. In na wani mai rai ne, dole in cire shi. In kuwa na cire shi, hannun Tanko ya fita daga fim ɗin. Yaro zai ce to mene ne a ciki, kiɗa ai kiɗa ne. Sai na koma baya kafin a gane.

Na koyi aiki a wurin Mushe Ari (Mushe shi ne Malam a bakin Faransanci), wani Babarbare da ya taɓa koyarwa a lakwal, makarantar boko, ya bari ya koma yi wa gidajen rediyo kiɗan talla da kiɗan buɗe shiri. Kayan aikinsa ba su da yawa: fiyano ɗaya mai haƙori guda da ba ya magana, na'urar kaset da ke ɗaukar murya hawa-hawa, mikoro ɗaya, da ɗaki a unguwar Birni da ya manne bangonsa da kwalin ƙwai don kada murya ta dawo. Na je wurinsa na riga na iya fiyano, ina bin ƴan kiɗan biki, ina ganin kaina gwani. Bai bar ni na taɓa fiyanonsa ba. Sai ya sa fim a talabijin, ya kashe murya, ya ce in buga tebur a inda nake ganin kiɗa zai shiga, in sake bugawa a inda zai fita. Na yi damina guda ina buga tebur. Kullum kuskurena iri ɗaya ne, ina shiga da wuri, ina daɗewa ban fita ba. Yakan ce mini a biki ana biyan makaɗi don a ji shi, a fim kuma ana biyansa don a ji labarin, in ɗan kallo ya juyo yana yabon kiɗanka a tsakiyar fim to ka taka wa mai fim ƙafa.

A wurinsa na koyi ƙananan abubuwa da ba su cikin manhaja. Na koyi sanin lokacin da injin niƙa na maƙwabta ke hutawa, da lokacin da jakunan ƴan itace ke wucewa, don a ɗauki murya a tsakani. Na koyi cewa in ka gama aiki kada ka saurare shi a manyan bafil, wato lasifika, kaɗai, ka sa shi a ƙaramar rediyo mai batir, irin wadda mai shayi ke ratayewa, don a nan mutane za su ji shi. Abin da bai fito a ƙaramar rediyo ba, babu shi.

Aikin da ya haɗa ni da Tanko wani ɗan gajeren fim ne da wani poroje, irin ƙungiyoyin nan na taimakon karkara, ya sa aka yi a kan rumbun tsimi na gari, yadda za a kula da shi. A ciki akwai inda ɓarawo ke shiga rumbu yana ɗibar gero. Mushe Ari ya ce wurin yana son gangar ƙauye mai sauri. Ba mu da makaɗi, sai ya sayo wani kaset a kasuwa, wanda wani ya ɗauka a wurin gayya, ya zaɓi inda kiɗan ya fi zafi ya ɗora a kan ɓarawon. A ɗakin aiki ya zauna daidai, har masu poroje suka yaba.

Aka kai fim ɗin wani ƙauye a ƙasar Dakusa. Bayan magariba aka ɗaura farin ƙyalle a jikin mota, aka ta da gurup, injin wuta, gari ya taru. Mutane na dariya, suna yi wa ƴan wasa magana kamar suna jinsu. Da ɓarawo ya ɗaga murfin rumbu, gangar ta shigo, sai dariya ta ɗauke. Na ga kawuna suna juyawa, ba wajen ƙyalle ba, wajen wani dattijo da ke zaune a tabarmar gaba. Ya ɗan jima a zaune. Sannan ya tashi, ya kakkaɓe rigarsa, ya sa takalmi, ya tafi. Ƴaƴansa da ƙannensa suka bi shi, sai matan gidansa, sai rabin gari. Muka rage mu da yara da ƙarar gurup.

Muna naɗe waya wani siririn mutum ya zo ya tsuguna kusa da mu. Ya ce sunansa Tanko, biki ya kawo shi garin, kuma hannunsa ne a kaset ɗin nan. Ya ce dattijon da ya tashi shi ne sarkin noman garin, abin da muka sa kuma takensa ne.

"Kun kira mutum da sunansa a gaban surukansa," in ji shi, "sannan kuka nuna shi yana satar gero."

Mu mutanen birni mun san manyan masu sarauta na da take, mun san mahauta da maƙera na da nasu. Abin da ni da Mushe Ari ba mu lura da shi ba shi ne, a ƙauyukan Damagaram manomi ma in ya isa yana da nasa shi kaɗai. Makaɗi ne ke yi masa, gangar tana faɗin wasu kalmomi, sunansa ko na ƴar'uwarsa da wani hali nasa. A wurin gayya in aka buga, ya san da shi ake, ya ɗaga hauya ya amsa. Kowa a garin ya san na kowa kamar yadda ya san fuskarsa. Ni dai kunnena na fiyano ne, ina jin sauri da nauyi, amma ba na jin kalmomin sai an faɗa mini. Har yau haka nake.

Mushe Ari ya koma garin da goro ya ba da haƙuri, Tanko ya shiga tsakani, dattijon ya karɓa. Amma dole a canza kiɗan, sai Tanko ya biyo mu Damagaram da gangarsa a kan mota. A ranar ya yi abin da ya zama tushen aikina. Ya ce kowane take da ya sani yana da mai shi, don haka ɓarawon nan sai a yi masa nasa sabo, wanda ba na kowa ba.

Ga yadda muke yi, tun daga lokacin har ƙarshe. Zan sa masa wurin ya kalla. Sai ya fara tambaya kamar mai binciken aure: mutumin nan ɗan wa ne, yana da zuciya ko rago ne, me ya sa yake tafiya haka. In mai fim bai san amsa ba, Tanko ya ce to a je a yi tunani, shi ba ya yi wa wanda ba a sani ba take. In ya gamsu sai ya fitar da ganga rana fatar ta ɗame, ya gyara zaga, tsirkiyar da ke kan fatar, ya ɗauki gula, sandar kiɗa, ya fara lalube. In ya samu abin da ya zauna, sai ya rufe ido ya zagaya ƙasa a kansa, yana kiran garuruwa a hankali. Droum ba kowa. Hamdara ba kowa. Wani lokaci ya tsaya ya ce a'a, wannan ya yi kusa da na wane a wajen Dakusa, bari a karya masa ƙafa, sai ya cire bugu ɗaya ko ya juya shi. In ya gama zagaye sai mu ɗauka. Da ya sauke gula, mikoro na buɗe, yakan matso ya ce, "Ba kowa a ciki." Ban taɓa goge wannan magana ba. Duk kiɗan da ya yi mini, in ka bi shi har ƙarshe, za ka ji ta.

Shi yana ce mini Mai Akwati, saboda fiyano. Yakan ce akwatina ya san yaren kowa amma bai san sunan kowa ba. Ni kuma ina ce masa Sarkin Kiɗa, ya ce in daina, sarautar da ba ta da doki wahala ce kawai. Ya girme ni, amma wasa muke kamar abokan tashi.

Da Mushe Ari ya tsufa ya koma garinsu, na tsaya da ƙafata. Ba ni da albashi, ban taɓa samu ba. Wanda zai shiga wannan sana'a ya san cewa kowane aiki in ya ƙare, ka koma marar aiki sai wani ya shigo. Masu zuwa iri-iri ne. Akwai ɗan kasuwa mai son tallar sabulu ko shayi, ya zo da abokansa su cika ɗaki, kowa da shawararsa, a ƙarshe a koma kan na farko. Akwai mai fim da zai ce a yi masa irin na Indiya, in ka yi ya ce ya yi Indiya da yawa. Akwai masu poroje, su kullum suna son na gargajiya amma na zamani, sai ka yi ta tambaya kafin ka gane ganga suke so da ɗan fiyano a baya. Akwai gidajen rediyo masu son kiɗan buɗe shiri, wanda za a yi shekaru ana ji kowace safiya, don haka dole ya zama marar gundura. Ban taɓa yin talla wa kaina ba. Abin da ya kawo mini aiki shi ne magana ta yaɗu a cikin masu kai sinima ƙauye cewa in Habu ya yi maka kiɗa, ba wanda zai tashi ya bar maka fili.

Kaset ya wuce, faifai ya zo ya wuce, na sayi ordinater, wato kwamfuta, na koyi aiki da ita da girmana, ɗan yatsa ɗaya. Ta sauƙaƙa abubuwa da yawa, ba na raina ta. A cikinta akwai ganguna da wasu suka ɗauka suka zuba. Na sa wa Tanko wasu ya ji. A ɗaya ya yi dariya ya ce wannan na wani mahauci ne a can kudu, Allah Ya sa yana da labari.

Mummunar shekara ta zo mana ba da daɗewa ba, kowa ya san ta. Wuta ta yi ƙaranci, sai a wuni ba a gan ta ba. Masu poroje da yawa suka rufe biro, ofisoshinsu ke nan, suka tafi. Gidajen rediyo suka koma maimaita tsofaffin tallace-tallace. Wata rana wuta ta dawo da ƙarfi ta ƙone mini ordinater, na yi watanni kafin na samu wata. A lokacin abin da ya riƙe gidana shi ne masu tallar magani da masu sayar da kayan miya a amalanke, ina ɗaukar musu murya a salula suna sawa a ƴar amsa-kuwwa suna yawo. Aiki ne, ban ji kunyarsa ba. Da kaka ta yi Tanko ya sauko daga mota da buhun gero, ya ce ya zo ya ga ko akwati ya mutu. Na ce yana nan, aiki ne babu. Ya ce to mu yi wa mutanen da ba a haifa ba tukuna. Muka wuni muna ɗaukar take da batir, na gurgu, na mai rowa, na amarya mai faɗa, don finafinan da ba wanda ya rubuta. Wasu na yi amfani da su daga baya. Wasu suna nan suna jiran masu su.

Fim ɗin Zainabu shi ne babban aiki na farko da ya shigo bayan wannan shekara. A Droum ta ɗauke shi, da mutanen garin, ta kuma yi musu alkawari su za su fara gani. Tanko ya zo ɗaukar kiɗa a tsakiyar damina. Ya rame, yana tari, ganga ma sai da na kama masa muka shigo da ita. Na ce mu je gidan likita, ya ce an je, an ba shi abin da za a ba shi. Ya ce fim ɗin bai son ganga da yawa, in cika sauran da akwatina, shi wurin ƙarshe kaɗai zai yi.

Na sa masa wurin. Gona, gawo, hauya. Ya ce in sake. Na jira tambayoyinsa, Zainabu ma ta shirya amsa, don na gargaɗe ta. Bai tambayi kome ba. Bai lalube ba, bai rufe ido ya zagaya garuruwa ba. Ya ce in buɗe mikoro. Ya buga wani abu gajere, a hankali, ba da saurin gayya ba, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa ba ya son ya firgita na ciki. Sau ɗaya ya yi shi daga farko zuwa ƙarshe, ya sauke gula. Na bar mikoro a buɗe. Sai ya ce a ba shi ruwa. Zainabu ta miƙa masa, ta juyo ta ce mini kada a taɓa kome a ciki. Ya koma Droum a motar la'asar. Gero na fitar da kai aka aiko mini ya rasu. Na je, na tarar an kai shi, na zauna da mutane, na dawo.

Sai da na zo haɗa murya da hoto na bi kiɗan har ƙarshe, kamar yadda na saba. Bugu na ƙarshe, shiru, tari, sannan "a ba ni ruwa". Maganar ba ta nan. Na kira Zainabu na gaya mata. Na ce mata a Dakusa ɓarawo aka ɗora wa mutum, kuma goro ya gyara. Wannan mutuwa ce. In taken wani mai rai ne a Droum, muka sa shi a kan gonar mamaci, a gaban iyalinsa, ban san abin da zai gyara ba.

Tonton take ce mini, wato kawu. Ta ce, "Tonton, a kan kiɗan nan na yanka wurin. In ka cire shi wani fim ne daban."

Na ce na sani. Na ce amma ban taɓa fitar da ganga ba tare da wannan magana ba, kuma mai faɗinta ba ya nan. Ba ta matsa mini ba. Ta ce mutanen Droum sun ce a kawo fim in an gama yankan gero, ina da daga nan zuwa lokacin.

Na fara da Hamdara, wurin wani makaɗi Ɗan Jimma da ya taɓa bin Tanko. Na sa masa a salula. Ya saurara, ya bi da yatsunsa a gwiwa. Ya ce hannun maigidansa ne, ba shakka, amma bai taɓa jin ya buga wannan a gona ba. Na ji daɗi, na ce ke nan sabo ne. Ya ce a'a. Ya ce sabon da Tanko ke yi wa fim ba ya da suna a gaba, wannan kuwa yana farawa da suna, yana jin wurin sunan amma ba ya iya fitar da shi, sai dai yana jin "tashi" a tsakiya. Akwai mutum a ciki, in ji shi.

Na dawo gida na yi madadinsa. Na ɗauki ganga daga cikin na'ura, na sa fiyano mai taushi a ƙasa, na daidaita shi da yankan Zainabu. Ba laifi ya yi. Da an sa shi ba wanda zai ce wani abu. Na ajiye shi a gefe, na hau motar Droum.

A gindin bishiyar da dattawa ke zama na sa musu. Suka karɓi salular suna miƙa wa juna, kowa ya kara a kunne. Wasu suka ce kamar sun san shi, kamar ba su sani ba. Ɗaya, wanda ido ya fara gaza masa, ya ce wannan ba salon Tanko ba ne, salon ubansa ne, haka tsohon ke jan bugu. Ya ce in shiga wurin Delu, yayar Tanko, ita ta fi kowa daɗewa da jin gangar gidan.

Na same ta a tsakar gida tana tsinkar gyaɗa. Ta san ni, don ta sha dafa mini abinci in na zo. Muka gaisa, na sake yi mata ta'aziyya, ta tambayi iyali. Na ce na zo da wani kiɗa na marigayi ne, ina son in san ko na wane ne. Ta ce ita me ta sani a kiɗa, amma in sa. Na sa. Hannunta ya tsaya a kan gyaɗar. Da ya ƙare ba ta ɗago ba, sai ta faɗi kalmomin a hankali, daidai da bugun.

"Na Delu, tashi, gari ya waye."

Ta ce nasa ne. Ta ce yana yaro barci gare shi, in ya kwanta kamar an jefa dutse a rijiya. Ubansu, in za a tafi gona, sai ya tsaya a ƙofar ɗaki da ganga ya yi masa wannan don tsokana, a yi ta dariya. Bai taɓa tashi da bugu ɗaya ba, sai an maimaita. Da ya zama saurayi ya fara shiga gayya, abin ya bi shi ya zama takensa, kuma a gona ba rago ba ne. Sai uban ya rasu, Tanko ya ajiye hauya ya ɗauki ganga. Makaɗi kuma ba ya buga nasa, wasu yake kira. Tun daga ranar ba wanda ya sake buga shi. Ta ce ita ma ta ɗauka ta manta.

Na gaya mata inda ya sa shi. Na bayyana mata wurin yadda yake, ban rage kome ba: mutum ya mutu, gonarsa ce ake nunawa, kuma a garin nan za a fara haskawa. Na ce in ba ta so, ina da wani a ajiye, ba wanda zai san an canza.

Ta tambaye ni mutumin cikin fim ɗin, ɓarawo ne? Ashe Tanko ya ba ta labarin Dakusa. Na ce a'a, manomi ne. Ta ce ya nome gonarsa kafin ya tafi? Na ce ya nome, har maimai.

"To, Malam Habu, shi ya sa da hannunsa, yana kallo. Ni wace ce da zan cire?"

Ta ci gaba da tsinkar gyaɗa. Da zan tafi ta cika mini ƙwarya ta ce in kai wa yara.

Aka haska fim ɗin a Droum bayan an ɗaure damman gero, da magariba ta wuce, a filin gaban lakwal. Yanzu ba ƙyalle a jikin mota ba ne, allo ne mai ƙafafu, amma taron iri ɗaya ne. Na zauna kusa da bafil, inda nake zama kullum, ba na kallon allo, mutane nake kallo. Suka yi dariya da ganin ƴan'uwansu, suka yi shiru a inda ya kamata. Da aka zo wurin ƙarshe gangar ta shigo. Ba wanda ya juya ya kalli wani. Dattijon nan mai raunin ido shi ya fara ɗaga hannun dama, kamar yadda ake ɗaga hauya, sai na kusa da shi, sai wasu tsofaffi a baya da suka yi gayya tare da Tanko yana saurayi. Matasa ba su san abin da ake yi ba, sai kallon tsofaffin suke. Ba wanda ya tashi.

Kiɗan ya ƙare, allo ya yi baƙi, mai na'ura ya miƙa hannu zai kashe. Sai muryar Delu ta fito daga wajen mata, ba da ƙarfi ba.

"Bai taɓa tashi da bugu ɗaya ba. A sake."

Mai na'ura ya dubi Zainabu, Zainabu ta dube ni. Na ce masa ya mayar daga inda hauya ta fito.